Ranar Gwanjo a Gadarif



A watan Afrilu na shekarar 2025, bayan na kammala Umara a goman ƙarshe na azumi, Allah Ya nufe ni da cika wani alkawari da na daɗe da ɗaukar wa mahaifina, wato in je in gano danginmu da ke Gadarif, a gabashin ƙasar Sudan. Ƙanen kakana ne ya bar ƙasar Maraɗi a ƙafa cikin shekarun 1950 da niyyar aikin Hajji. Guzuri ya ƙare masa a Gadarif, ya tsaya ƙwadago a gonakin dawa don ya tara kuɗin jirgin ruwa. Makka dai ya je daga baya, amma gida bai komo ba, can ya yi aure, can ya haifu, can ƙasa ta rufe masa ido. Jikansa ne ya yi mini masauki, kuma da yake ya girme ni da shekara shida, Yaya nake ce masa.

Daga Jidda na sauka a Fot Sudan, na shiga babbar mota. Yini guda cur muka yi bisa hanya, muka wuce Kasala da duwatsunta na Taka, muka ƙetare kogin Atbara, ga shingayen bincike ba iyaka. Da muka doshi Gadarif sai na ga ƙasa ta sauya. Yashi ya ƙare, aka shiga wata irin laka baƙa wuluk, wadda zafin bazara ya tsattsage har mutum na iya zura hannunsa cikin tsagar. In damina ta sauka, in ji Yaya, wannan lakar takalmi take cire wa mutum. Ita ce kuma arzikin garin. Tun tsakiyar shekarun 1940 aka soma noma da injuna a Gadambaliya, kusa da nan, har jihar ta zama rumbun dawa da riɗin Sudan. Daga nesa za ka hango dogon rumbun hatsi na siminti da aka gina a shekarun 1960 da taimakon Tarayyar Sobiyet. A cikin unguwanni kuwa, ga ɗakuna zagayayyu masu jinka, waɗanda suke kira guttiyya, ga jakuna na jan amalanke ɗauke da duro na ruwan sayarwa, domin ƙarancin ruwan sha tsohon ciwon garin ne.

Asalin Gadarif kasuwa ce. A da sunanta Suk Abu Sin, wato kasuwar Abu Sin, gidan sarautar ƙabilar Shukriyya. Mutanen garin na ba da labarin cewa in kasuwa ta tashi, mai shela yakan zaga yana cewa da Larabcinsu wanda ya gama cinikinsa ya kama hanya, wai daga lafazin wannan shela sunan ya samo asali. Jirgin ƙasa ya iso a 1928, kuma iyakar Habasha ta Gallabat ba ta da nisa, don haka fatake ba su taɓa yanke mata ba. Hausawa ma hanya ce ta kawo su. Wasu mahajjata ne irin ƙanen kakana, wasu kuma zuriyar waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a har suka kafa garin Maiwurno kusa da Sinnar. A kasuwar Gadarif za ka ji Hausa tangaran, sai dai an yayyafa mata Larabci kamar yadda tamu ta sha Faransanci.

Amma garin da na tarar gari ne da yaƙi ya cika wa ciki. Tun da rikici ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF mutane suke kwararowa. Da birnin Madani ya faɗi a Disamban 2023, aka sake ɓarkowa, haka ma da yaƙi ya isa Sinja a tsakiyar 2024. Zuwa ƙarshen wannan shekara, waɗanda suka fake a jihar sun haura miliyan ɗaya. Makarantu sun zama gidaje, kowane gida kuma ya zama masauki. Yaya kansa iyali uku ya riƙe. Sai ga shi sojoji sun karɓe Madani a Janairun 2025, suka karɓe Khartum a watan Maris. Lokacin da na isa, maganar komawa gida ce a bakin kowa.

To, wanda ya zo da ƙunshi ɗaya a kai, ya yi wata goma sha shida a wuri, ba ya rasa tara tarkace. Mai mota kuwa kuɗin kaya daban yake karɓa. Wannan ya sa dattawan unguwar su Yaya suka yi shawara, aka sanar a masallaci cewa ranar Asabar duk mai abin sayarwa ya fito da shi ƙofar gida ko filin makaranta, domin motocin da masu komawa Madani suka yi shata za su tashi ranar Litinin. 'Yan gari ma da suka ji haka, kowa ya kakkaɓo abin da ya gaji da gani a ɗakinsa. Irin wannan ciniki na tsofaffin kaya dalala suke ce masa, kalmar da ta haɗa tushe da dillali a harshenmu.

Mu huɗu muka fita bayan sallar asuba, kafin rana ta yi ƙarfi, domin zafin Afrilu a nan yakan wuce maki 40. Da ni, da Yaya, da aminansa biyu, su ma Hausawan garin: wani tela da ke da shago a bakin kasuwa, da wani malamin firamare da ya daɗe bai shiga aji ba, tun da ajinsa ya zama ɗakin kwanan wasu. Kowa da abin da ya fito nema. Yaya zai aurar da 'yarsa bayan Babbar Salla, yana haɗa kayan ɗaki. Tela yana neman ƙafafun keken ɗinki, na yaronsa sun karye. Malam yana son allon hasken rana ƙarami. Ni kuwa tsaraba nake nema.

A hanya Yaya ya gindaya mini sharuɗɗa uku. Ya ce, “Ƙanena, kada ka nuna abu ya burge ka. Kada ka riga mai kaya faɗin kuɗi. Na uku, don Allah ka riƙe Larabcin nan naka na littafi, in suka ji shi sai su ninka mana farashi.” Tela ya yi dariya ya ce ai hular da ke kaina ma ta isa ta tona ni.

Abin da na gani ya tuna mini da Katako ta Yamai da layin 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai a Kano, sai dai a nan babu rumfa, babu dillali, mai kaya ne zaune bisa kayansa. Layi bayan layi, an shimfiɗa tabarmi da buhuna. Ga katifu, ga jarkoki, ga kurfoti na gawayi, ga kaskon tuya kisira, ga fitilun caji, ga gidajen sauro, ga littattafan makaranta an ɗaure da igiya, ga tufafin gwanjo da suke kira gogo. Mata na kiran juna, yara na ratsawa da gudu, masu shayi sun kafa kujerunsu a inuwar dogon yaro. Wanda bai san dalili ba zai ɗauka biki ake yi, kuma gaskiya akwai farin ciki a ciki, tun da masu sayarwa gida za su.

Cinikinsu da namu uwa ɗaya uba ɗaya. In ka yi tayin da bai yi wa mai kaya ba, inda namu zai ce albarka, shi sai ya ce “yaftah Allah”, ya kau da kai. Ka yi kamar za ka tafi, ya kira ka. Yaya ya tsaya kan wani gadon katako saƙar igiya, irin wanda suke kira angareb. Ya zauna, ya girgiza, ya tashi ya ƙwanƙwasa ƙafafun, ya yamutsa fuska ya ce igiyar ta mutu. Mai gadon, wani dattijo mai ƙiba, ya dube shi ya ce, “Ɗan'uwa, igiyar nan wata goma sha shida tana ɗauke da ni ba ta yi ƙorafi ba, kai da ba ka kai rabina ba za ka kushe ta?” Aka kwashe da dariya. Sun ɗauki lokaci suna ja, ƙarshe suka haɗu a tsakiya, suka tafa, dattijon ya ƙara masa da matashin kai gyara. Kowa ya rabu da ɗan'uwansa da fara'a.

Na lura kuma mai tsabar kuɗi a hannu shi ne sarki. Tun da aka canja takardun fam 500 da 1,000 a ƙarshen 2024, kuɗin hannu ya yi wuya, yawancin ciniki ta waya ake yinsa, da manhajar Bankak. Amma mai tafiya yana bukatar na kashewa a hanya, don haka in ka nuna masa takarda sai ya yi maka ragi mai yawa. Darajar kuɗin ma ta zube: kafin yaƙi dalar Amurka ɗaya wajen fam 600 ce, a lokacin ta haura 2,000 nesa ba kusa ba. Ni da na canjo riyal a Fot Sudan, aljihuna cike yake, sai na ji kaina ya soma girma.

A ƙofar wani gida na hangi faranti babba na tagulla mai zane a gefe, a kansa ga tukunyar gahawa ta yumɓu da suke kira jabana, da 'yan finjalai shida. Yaro ne ke tsare da su, bai wuce shekara goma sha biyu ba. Abokaina sun yi gaba, na ce bari in gwada darasin Yaya. Yaron ya ce fam 30,000. Na murtuke fuska, na juya farantin, na nuna masa wata 'yar lotsawa, na taya 8,000. Ya ruga cikin gida, ya daɗe, ya dawo ya ce wai a ba da 10,000. Na ƙirga masa sababbin takardu, na ɗauka. A kuɗinmu ko jaka uku ta sefa bai kai ba. Na riski abokaina ina taƙama, Yaya ya ɗaga farantin ya ce lallai na iya, ɗalibi ya fi malaminsa. Malam dai ya duba, bai ce kome ba.

Can gaba, a bakin titi, muka tarar da wani saurayi da ba ɗan unguwar ba, ya sauke firji sabo fil da talabijin biyu daga bayan mota, yana faɗin kuɗin da bai kai sulusin na kanti ba. Idon Yaya ya faɗa kan firjin, don ya dace da ɗakin amarya. Malam ya matsa ya yi sallama, ya tambayi saurayin a wace unguwa ya zauna, a wane gari aka sayi firjin, ina na'urar canja tashar talabijin ɗin. Amsoshin ba su haɗu ba. Malam ya ja hannun Yaya muka wuce. Ya ce, “Ban ce ɓarawo ba ne, Allah Ya sani. Amma duk wanda ka gani zaune a layin nan, in ka tambaye shi cokali ma zai gaya maka inda ya samo shi.” Ya bayyana mini cewa an wawashe gidaje ba adadi a Khartum da Jazira, har aka buɗe kasuwannin kayan wawaso da mutane suka laƙaba wa suna kasuwar Dagalo, da sunan shugaban RSF. Ya ce wa Yaya, “Ba ka so 'yarka ta sha ruwan sanyi daga firjin da mai shi ke kwana a ajina.” Yaya ya yi shiru, bai ƙara waiwayawa ba.

Wajen hantsi muka shiga filin makarantar. A ƙarƙashin barandar wani aji wata dattijuwa na zaune bisa 'yar kujera, a gabanta keken ɗinki ne samfurin Butterfly, da teburinsa da ƙafafunsa na ƙarfe. Tela ya gaishe ta, ya zauna, ya taka. Ƙarar kawai ya saurara, na ga ya haɗiye murmushi. Ta ce fam 200,000. Ya ce fenti ya goge, bel ya saki, ya taya 70,000. Ta ce ya ƙara. Ya ce 90,000. Sai kawai ta ce, “Ɗauka, ɗana, Allah Ya sa maka albarka.”

Maimakon murna sai na ga jikin Tela ya yi sanyi. Daga baya ya gaya mini dalili: ko sau ɗaya ba ta ce “yaftah Allah” ba, ga zare a allura, ga mai sabo a jikin ƙarfen, ga ƙyalle a maƙale inda aka tsaya da ɗinki. Keken da aka gaji da shi ba haka yake ba. Ya ce, “Hajiya, wa ke ɗinki da shi?” Ta ce ita ce, har daren jiya. Da ya ci gaba da tambaya a hankali, labarin ya fito. Daga Madani take. Mijinta ya rasu tun kafin yaƙi, ɗanta kuwa tun ranar da suka gudo ba ta sake jin ɗuriyarsa ba. Jikoki huɗu ke hannunta. Kekenta na asali can ta baro shi, wannan da 'yan kunnenta na zinariya ta saye shi a Gadarif, da shi take faci da ɗinkin yara suna samun na asida. Yanzu ana neman kuɗin mota na mutum biyar kafin Litinin, mai mota kuma ya ce teburi da ƙafafu sai an biya musu kamar mutum guda. Maƙwabta da suka riga ta komawa sun aiko mata cewa gidan na nan tsaye, amma babu ƙofa, babu taga, babu ko tsinke a ciki.

Tela ya ce, “To Hajiya, in kin isa gidan da babu ƙofa, da me za ki ciyar da yaran nan?” Ta ce, “Allah karim.”

Ya ɗan yi tunani, ya zaro sukundireba daga aljihu, ya kwance kan keken daga teburin, ya ɗora mata a cinya. Ya ce shi dama ƙafafu ya fito nema, kai yana da su har biyu a shago. Zai sayi teburi da ƙafafu a kan 90,000 ɗin da suka yi, ita kuma ta naɗe kan a zane ta riƙe a mota kamar jariri, ba mai cajin ta. Yana da tsohon mariƙin juyawa da hannu, zai aiko yaro ya ɗaura mata kafin magariba. Dattijuwar ta ce atafau, ƙafafu ba su kai haka ba, ita ba bara ta fito ba, ya ba da 40,000. Tela ya kau da kai ya ce, “Yaftah Allah.” Ban taɓa ganin irin wannan ciniki ba: mai kaya na ragewa, mai saye na ƙi. Matan da ke kusa suka taru suna dariya, wata na share ido da gefen mayafi. A 80,000 suka daidaita. Da muka fito, Malam ya soma yaba masa, Tela ya katse shi ya ce kada a ɓata masa suna a kasuwa, shi ƙafafu ya saya.

A nan farantin da ke hammatata ya yi mini nauyi. Na tuna yadda yaron ya daɗe a cikin gida kafin ya dawo. Na ce wa abokaina su jira ni, na koma da sauri. Na tarar an naɗe tabarmar, ƙofa a buɗe. Maƙwabciyarsu ta ce ai su mutanen Sinja ne, babbar motar kaya suka samu, ba su jira Litinin ba, yanzu-yanzu suka tashi. Da ta ga abin da ke hannuna sai ta ce, “Kai ne ka saya? Farantin aurenta ne. A kai ta ɗauko shi ranar da suka gudo.” Ba ta faɗa da zargi ba, labari kawai ta ba ni. Na tambayi lambar waya, babu wanda ke da ita.

Da yamma muka zauna wurin mai agashe, wato tsiren da Hausawa suka kai Sudan har ya zama abincin kowa, aka kawo shayi, kowa ya baje abin da ya samu. Yaya ya tashi da gado, da fanka, da tukwane uku. Malam ya sami allonsa na hasken rana, ya kuma sayi ɗaurin littattafan lissafi don ranar da za a mayar masa da ajinsa. Tela ne kaɗai ya biya fiye da kima, shi ne kuma ya fi kowa cin nama. Na gaya musu abin da na tarar. Malam ya ce cinikina ya ƙullu, ban yi ƙarya ba, ban tilasta kowa ba, faranti nawa ne. Sa'an nan ya ce, “Amma ka san abin da ya sa ya yi araha.” Washegari na kai cikon 20,000 ga limamin unguwar, a sa cikin kuɗin motar marasa hali. Na san ba hannun mai farantin ya shiga ba.

Ya ku 'yan'uwa, ban kawo wannan labari don in hana kowa neman ragi ba. Ciniki halal ne, kuma uwargidan da ta iya tayi ta taimaki maigidanta. Gadon Yaya ma araha ya same shi, babu wanda ya cutu. Sai dai mu ma ba mu rasa irin waɗannan masu sayarwa a ƙofar gidajenmu. Tun 2019 jihar Maraɗi ke karɓar waɗanda 'yan bindiga suka koro daga Sakkwato, Zamfara da Katsina. Kowace bazara akwai maƙwabcin da ke fitar da akuyarsa ta ƙarshe, akwai matar da ke miƙa wa dillaliya kwallarta ko zanen aurenta don kuɗin magani. In kaya ya zo mana da arahar da ta wuce hankali, tambaya biyu ba za su rage mu da kome ba: daga ina ya fito, kuma me ya sa ake sayar da shi? Ta farko tana tsare mu daga kayan wani, ta biyu tana tsare mai kayan daga gare mu. Mu koya wa 'ya'yanmu su, kamar yadda muke koya musu ƙirga canji.

Ranar Litinin da asuba muka je rakiya. Na hangi dattijuwar a gefen taga, ƙunshinta bisa cinya, jikoki sun kewaye ta. Ni ma bayan kwana biyar na kamo hanya, na baro Sudan yaƙin bai ƙare ba. Farantin yana nan a gidana a Maraɗi, a kansa ake kawo wa baƙi shayi, kuma duk wanda ya yaba shi sai na gaya masa nawa na saye shi da wurin wa.

Allah Ya mayar da kowane ɗan gudun hijira ɗakinsa lafiya, Ya zaunar da Sudan da ƙasashenmu, Ya sa albarka a cikin sayenmu da sayarwarmu.